Filogi, Kwayil da Makullin Mota: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bambance Na Asali da Jabu

Waɗannan tambayoyi ne da masu mota suka fi yi min a bakin gareji, musamman bayan sun canja filogi sau biyu a shekara guda motar kuma ba ta daina karkarwa ba. Na tattaro su wuri ɗaya. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuwa sai an ɗan zauna.

Wane kaya ake nufi in an ce kayan wutar inji?

Duk abin da ke haɗuwa ya kunna fetur a cikin silinda. Batir yana ba da wuta mai ƙarfin bolt 12, kwayil ya ɗaga ta zuwa dubu 20 ko fiye, wani lokaci har kusan dubu 40, sannan filogi ya tartsa ta a daidai lokacin da fistin ya matse iska da mai. A tsofaffin motoci irin Fijo 504 kwayil ɗaya ne, distributa ke rarraba wutar ta wayoyi masu kauri. A yawancin motocin da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau, kowane filogi da nasa kwayil a kansa, kuma ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke ba da umarni bisa saƙon da sensar kiranshaf ta aiko mata. Makulli da gidansa su ma suna cikin wannan dangi.

Mai shago ya ce min akwai orijina, akwai fes-giret, akwai Beljiyam. Mene ne bambancinsu?

Ka raba kayan kasuwa gida huɗu, za ka huta.

Na farko shi ne wanda ke cikin kwalin kamfanin motar, Toyota ko Honda ko Nissan. Sai dai ka sani, waɗannan kamfanoni ba su suke ƙera filogi ba. Sayo shi suke yi daga Denso ko NGK su sa a kwalinsu. Denso ma daga cikin Toyota ta ɓalle a 1949. Na biyu shi ne kayan waɗannan kamfanoni a cikin nasu kwalin: Denso, NGK, Bosch, Delphi, Hitachi. Sau da yawa abu ɗaya ne da na farko, kuɗin ne kawai ya sauka. Na uku shi ne na ƙananan kamfanoni da suka sa sunansu na gaskiya a jiki. A cikinsu akwai mai kyau, akwai tarkace, amma dai ba su yi maka ƙarya ba. Na huɗu shi ne jabu, wanda aka ƙera a wani lungu aka buga masa sunan Denso ko NGK.

Beljiyam kuwa ba aji ba ne na inganci, tarihi ne: an ciro shi daga motar da ta yi aiki a waje. Zai iya zama na asali da ya rage masa shekara biyar, zai iya zama na asali da ya rage masa sati biyu. Kalmar fes-giret ita ce na fi tsoro. Babu kamfanin da ke ƙera kaya mataki-mataki da sunansa ɗaya. In aka ce maka "Denso ne, amma fes-giret", to an faɗa maka jabu ne cikin ladabi.

Kwali mai kyau da tambari mai ƙyalli ba su isa shaida ba?

Da can suna taimakawa. Za ka ga rubutu ya karkace, launi ya koɗe, ko an yi kuskure a harafi. Har yanzu ka duba, domin kwali mara kyau ya isa ya sa ka ajiye kaya. Amma kwali mai kyau bai isa ya sa ka ɗauka ba. Buga kwali ya fi ƙera filogi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a nan masu jabu suka zuba ƙarfinsu. Wasu ma kwalin na gaskiya ne, an tsinto shi ne a gareji bayan an yi amfani da na ciki. Kama da wane ba ta wane. Shi ya sa in na sa wa mutum sabon filogi nakan yaga kwalin a gabansa.

To in na riƙe filogi a hannu, me zan duba?

Fara da abin da ya fi kowanne amfani: ka je kasuwa da tsohon filogin da ya zo da motar, wanda ake kira folokom, ko wani da ka tabbatar da asalinsa. Ka jera su biyu a tafin hannunka a cikin hasken rana, ba a cikin duhun shago ba. Ido ba ya gane jabu shi kaɗai, amma yana gane bambanci.

Duba zoben ƙarfen da ke gindin zare, wanda ke matsewa ya hana iska fita. A filogin kirki yana juyawa amma ba ya fita cikin sauƙi. In ka ja shi da farce ya zare ya faɗo, ajiye. Duba zaren kansa: ya kamata ya zama sumul, babu ƙaiƙayi, babu ɓurɓushin ƙarfe. Duba farar tangaran ɗin sama, rubutun ya zauna daram, in ka murza da yatsa bai goge ba. A jikin ƙarfen da sifana ke kamawa, NGK na buga 'yan haruffa da lambobi na rukunin da aka ƙera shi. In babu, ko an buga su a karkace kamar da ƙusa, akwai magana.

Sai bakin, inda wutar ke fita. Nan ne kuɗinka yake. Iridiyam wani ƙarfe ne mai tsada, kuma filogin iridiyam na gaske tsinin tsakiyarsa siriri ne ƙwarai, tsakanin milimita 0.4 zuwa 0.7 gwargwadon samfurin, alhali na filogin talaka ya kai wajen 2.5. Ana iya sirantar da shi haka ne saboda iridiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, nikel kuwa a ƙasa da 1,500 ya sallama. Mai jabu sai ya fiƙe ƙarfen banza ya yi masa siffar iridiyam. In ka sa kyamarar wayarka ka zuƙo hoton, a na gaske za ka ga ɗan zoben walda mai tsabta inda aka haɗa tsinin da jikinsa. A jabu ko dai babu waldar, ko ta yi tabo kamar ɗigon dalma. Ƙugiyar da ta lanƙwaso a kansa kuma ta tsaya daidai saitin tsinin, kada ta kauce gefe. In huɗu ka saya, huɗun su zama kamar tagwaye. Ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, alama ce.

Wani direban Corolla ya taɓa zuwa min da yamma, motar tana rawa a sulo kamar mai jin sanyi. Ya ce, "Oga, ba filogi ba ne, sati uku ke nan da na sa sababbi, iridiyam, huɗu cif." Ya ma ajiye kwalayen a aljihun ƙofa. Muka kwance. Na silinda ta uku tsininsa ya cinye ya zama dunƙule, ratar da ke tsakanin tsinin da ƙugiyar ta buɗe har tana neman ninka yadda ya kamata. Da na juya shi, zoben gindin ya faɗo cikin tiren sifanu, ƙwal. Na tambaye shi nawa ya saya. Kuɗin da ya faɗa na huɗun bai kai na guda biyu a wurin dila ba. Ya ɗauki kwali ɗaya yana jujjuyawa, ya ce, "Amma fa dubi, har da tambarin nan mai walƙiya." Ban ce masa komai ba, na miƙa masa filogin.

Haruffa da lambobin da ke jikin filogi, me suke nufi?

Su ne sunansa na gaskiya, kuma filogi na asali da lambarsa ba ta dace da injinka ba zai iya yi maka ɓarnar da ta kai ta jabu. Ɗauki BKR6E-11 na NGK. Haruffan farko suna nuna kaurin zare da girman sifana. R na nufin akwai resisto a ciki, mai hana tartsatsin wuta damun rediyo da birenbos. Lamba 6 ita ce ajin zafi. 11 na ƙarshe kuwa rata ce, milimita 1.1.

Ajin zafin nan shi ke rikita mutane. A NGK da Denso, in lamba ta hau, filogin ya fi saurin zubar da zafi. A Bosch da Champion akasin haka ne. Saboda haka 6 na wannan kamfani ba 6 na wancan ba ne. Wanda ya cika riƙe zafi zai iya kunna mai tun lokaci bai yi ba, har ya huda fistin. Wanda ya cika sanyi kuma zai yi ta tara baƙin hayaƙi yana kashe wuta. Tsawon zare ma haka: in ya yi tsawo fistin zai iya dukansa.

Lambar da ta dace tana cikin littafin motar, ko a shafin kamfanin filogin a intanet in ka sa samfurin mota da na inji. Misali, injin 2AZ-FE na Camry yana amfani da Denso SK20R11, kuma lambobin filogi da kwayil na Toyota galibi da 90919 suke farawa. Rubuta taka a takarda kafin ka fita. "Ba ni filogin Camry" ba lamba ba ce.

Na ga an rubuta China ko Tailan a jiki. Jabu ne ke nan?

A'a. NGK asalinta daga Nagoya ne a Japan, tun 1936, amma tana da masana'antu a Tailan, Brazil, Amurka, Indiya da wasu ƙasashe. Bosch ta Jamus ma tana ƙera filogi a China da Indiya. Hasali ma masu jabu sun fi son buga Japan ko Jamus, don sun san abin da muke son gani. Kuma in ka ci karo da sunan Niterra a kwalin NGK kada ka firgita, kamfanin ne ya canja suna a 2023, tambarin filogin bai canja ba.

Mita za ta iya tona asirin jabu?

Wani lokaci. Sa mitar gwajin wuta ta masu gyaran lantarki a ma'aunin om, ƙafa ɗaya a kan filogin ta sama, ɗayar a tsinin tsakiya. Filogi mai R ya kamata ya nuna wajen om dubu 5, da ɗan sama ko ƙasa. In ya nuna kusan sifili, babu resisto a ciki duk da an rubuta akwai. In huɗun suka ba da amsoshi masu nisa da juna, ba daga masana'anta mai tsari suka fito ba. Amma cin wannan jarrabawa ba ya wanke filogi, don mita ba ta san ko tsinin iridiyam ne ko ƙusa ba.

Kwayil fa? Sabo zan saya ko Beljiyam?

Ga ra'ayina, kuma na san wasu abokan sana'a ba za su yarda ba: in ba ka da hanyar samun sabo daga amintaccen dila, Beljiyam na asali ya fi sabo mai arha da ba ka san uwarsa da ubansa ba. Kwayil ba ya cinyewa kamar filogi, yakan yi shekaru da yawa. Filogi kuwa ban yarda a sayi tsohonsa ba ko an wanke shi ya yi fes, domin abin da ya cinye a bakinsa ba ya dawowa.

Matsalar ita ce an gano muna son Beljiyam, sai aka fara shafa wa sabon jabu ƙura da baƙin mai a zuba shi cikin tarin tsofaffi. Saboda haka ko a Kofar Ruwa kake a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, ka duba da kyau. Kwayil na gaske yana da nauyi a hannu saboda yawan wayar tagullar da aka naɗe a ciki, jabu sau da yawa shafal yake. Ƙaron da aka cike kansa da shi ya zama sumul, babu kumfa, babu tsaga. Robar ƙasa ta yi laushi, in ka lanƙwasa ta kada ta nuna tsagewa. A jikin sandar kada ka ga farin layi ko baƙin zane kamar na fensir, wannan sawun wuta ne da ta riƙa tsallakewa. Ƙafafun soket su zama a miƙe, babu tsatsa. Mafi muhimmanci, ka yi sharaɗi da mai shago: za a gwada a mota, in ya yi zafi ya gaza za a dawo da shi. Kwayil mai ciwo yakan yi lafiya lau da safe, sai an yi tafiyar rabin awa ya fara yanke wuta.

Yaya zan tabbatar kwayil ne ya mutu kafin in kashe kuɗi?

A sa na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai ma sun biyo baya. P0301 na nufin silinda ta ɗaya na kashe wuta, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. P0300 na nufin matsalar tana yawo. P0335 kuwa sensar kiranshaf ce.

Sai a yi musaya. In ta biyu ce ke ciwo, a ɗauke kwayil ɗinta a kai ta huɗu, a goge lambar, a tayar. In ciwon ya koma ta huɗu, kwayil ne. In ya tsaya a ta biyu, a yi wa filogi irin wannan musayar. In har yanzu bai motsa ba, a koma kan nozul, ko waya, ko matsin silindar. Aikin minti goma sha biyar ne, kuma ya ceci mutane da yawa daga sayen kwayil huɗu a banza. Dabarar nan ta fizge waya inji na aiki don a ga ko wuta na tsalle, a bar ta ga tsofaffin motoci. A na zamani tana iya ƙona kwayil mai lafiya.

Na sa sabon kwayil, wata biyu ya sake mutuwa. Jabu aka ba ni?

Mai yiwuwa, amma kafin ka je ka yi wa mai shago tijara, duba abu uku. In filogin ya tsufa ratarsa ta buɗe, kwayil sai ya ƙara ƙarfi kafin wuta ta tsallaka, haka zai yi ta wahala har ya ƙone. In gaskit ɗin murfin inji na yoyo, baƙin mai zai taru a ramin filogi ya cinye robar. Sai kuma wankin inji da ruwa mai ƙarfi, wanda ke cusa ruwa a ramukan. Duk kwayil ɗin da ka sa a irin wannan rami, ko daga hannun Denso ka karɓo shi, ba zai daɗe ba.

Ɗauri ma yana kashe filogi na gaske. Sabon filogi mai zaren milimita 14 da zobe, a murɗa shi da hannu har ya zauna, sannan a ƙara rabin zagaye ko ɗan fiye da sifana. Yaran gareji masu son nuna ƙarfi sukan ɗaure shi har tangaran ta tsage daga ciki.

In motar tana tashi tana tafiya, mene ne laifin jabun?

Na farko, mai. Duk wutar da ta ƙi tartsawa fetur ne ya fita ta salansa ba a ƙona shi ba, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba sai an yi wa kowa bayanin abin da wannan ke nufi ba. Na biyu, ɗanyen man nan yana zuwa ya ƙone a cikin katalis, abin da kanikawa ke kira indomi, ya narkar da shi. In ka ga fitilar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, wannan take faɗa maka, ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa. Na uku shi ne mafi muni: tsinin jabu ko guntun tangaran ya karye ya faɗa cikin silinda. Daga nan magana ta bar filogi ta koma sauke tofsilinda. Araha ba ta ado.

Wayoyin filogi da murfin distributa na tsofaffin motoci fa?

Da daddare, a wuri mai duhu, tayar da inji ka buɗe bonet ka ɗan fesa wa wayoyin ruwa kaɗan. In ka ga shuɗin tartsatsi na gudu a jikinsu, sun gama. A murfi da rota, nemi ƙafafun tagulla masu kauri da roba mara tsaga.

Kayan kamfani na asali ba ya taɓa samun matsala ke nan?

Yana samu. A 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci kusan miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, saboda gidan makullinsu. Wani ɗan sifirin a ciki bai da ƙarfi, in an ci karo da rami ko makullai sun yi nauyi sai makullin ya juya da kansa, inji ya mutu ana cikin gudu, jakar iska kuma ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne an gyara kayan a 2006 ba tare da an canja lambarsa ba, sai mai ciwo da mai lafiya suka zama suna ɗaya a kan kanta. Mai sayen Beljiyam ya lura da wannan, domin kayan da aka janye a can ba abin da zai hana shi shigowa kwantena. In motarka 'yar Amurka ce, sa lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, zai nuna maka ko akwai kiran gyaran da ba a yi ba. Kuma a rage tarin makullan gida da na shago a jikin na mota.

Na mayar da motata gas. Filogin da na saba zai yi?

Gas ya fi fetur wuyar kunnawa, yana neman wuta mai ƙarfi, kuma yana sa bakin filogi ya fi zafi. Filogi ko kwayil mai rauni da ke lallaɓawa a fetur, da an juya zuwa gas zai tona kansa. Jabu ba ya kai labari a nan. Tambayi waɗanda suka yi maka juyin wace lamba da wace rata suka ba da shawara, yawanci akan ɗan rage ratar.

A ina zan saya, kuma in an cuce ni wa zan kai wa ƙara?

Wurin da ke da adireshi, yake ba da rasit mai ɗauke da suna da lambar kayan, yake kuma karɓar abin da ya gaza. Tambayi farashi a wurin dilan kamfani tukuna ko da ba a can za ka saya ba, don ka san ma'auni. Ragin kashi goma ko ashirin cikin ɗari ciniki ne. Ragin rabi ko fiye, akwai lauje cikin naɗi. A intanet, hoton da ka gani ba shi ne kayan da za a aiko ba.

A Najeriya hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya, FCCPC kuma ke karɓar koken masu saye. Ba tare da rasit ba, ko a can ko a wurin shugabannin kasuwa, maganarka ba ta da ƙafa. A gaskiya ƙungiyar 'yan kasuwar ta fi saurin raba irin wannan rigima, in ka je da kayan da takardarka.

Bakanikena ne ke sayo min kaya. In ce zan bi shi, ba zai ga kamar na zarge shi ba?

Ba sai ka bi shi ba. Ce masa, "Malam, don Allah a ajiye min tsofaffin da kwalayen sababbin, da rasit." Mai gaskiya ba zai ji komai ba, da yawa ma sun fi son haka, don in kaya ya gaza ba a kansu laifin zai faɗa ba. Ka tuna shi ma ana cutarsa, ba kowane jabu ne ya shigo da saninsa ba. Sannan ka rubuta kwanan wata da kilomitar da ke allo a bayan rasit ɗin ka jefa a aljihun mota. Filogin talaka ya kamata ya ba ka wajen kilomita dubu 30, iridiyam mai dogon zango kuma dubu 100 ko kusa da haka in injin lafiyayye ne. In aka ce maka ya mutu a dubu 8, ka ciro rasit ɗin, ka nemi a kwance filogin a gabanka, ka zuƙo bakinsa da kyamarar waya.